Sai Tsahara Ta Dunƙule Hannu

Laraba 9 ga Agusta, bayan la'asar

Maman Lawali ya zo. Ya ce ranar Juma'a 25 ga wata zai kawo mota ya ɗauki Tsahara ya kai ta Tsibiri, wurin yayarsu Hajiya Safiyatu. Ba shawara ya kawo ba, saƙo ne.

Ƙanen matata Tsahara ne, tun yana lakwal, makarantar boko, muke tsokanar juna, yana ce mini Mushe, wato malam a Faransanci, don haka ya so ya sassauta maganar da wasa.

"Mushe Jarida, ka yi ta maza. Amma namiji da jinyar mace? Kununka na gani, da shi da ruwan wanki ba su da maraba."

"Kwano biyu ka sha."

"Yunwa ce, ba daɗi ba."

Muka ɗan yi dariya. Daga nan ya faɗi sauran. Hajiya ta ce in Tsahara da kanta ta nuna tana son zama nan, za a bar ta. In ba ta nuna komai ba, to dangi ne bakinta.

Tun azumin bana da ɓarin jikinta na dama ya shanye ba ta magana. Hannun hagu ya rage mata, da shi take yi mana magana ta cikin ordinatar, wato kwamfutar 'yarmu Lubna. Ranar Lahadi ta sa hannun cikin mayafi. Ba ta sake ɗaga shi ba.

Babu wuta tun hantsi.

Alhamis 10 ga Agusta, da safe

Tun ina aikin jarida, in abu ya fi ƙarfin kaina sai in gwada rubuta shi a taƙaice. Ga abin da Lubna ta ƙera.

Kamara tana kallon hannu. A ɗaya gefen akwai manhajojin da kowa ya sani: mai buga tarho, mai kunna rediyo, mai fitar da murya. Kamara ba ta san ma'anar hannu ba, su kuma ba su san akwai hannu a duniya ba. Abin da Lubna ta rubuta shi ne na tsakaninsu. Yana karɓar motsin yatsu, ya gwada shi da waɗanda aka koya masa, ya yanke cewa wannan "ruwa" ne, sannan ya miƙa wa wanda aikin ya shafa. Ita tana kiransa da wani dogon suna na Faransanci. Ni tafinta nake ce masa.

Don a koya masa sai da aka tara hannuwa da yawa. Matan layinmu na Sabon Gari suka yi ta shigowa suna zama gaban kamara, amma babu wadda ta yarda ta yi gaisuwa da hagu. Zuliha mai ƙosai ta ce, "Ko inji ne, ai baƙo ne." Ala tilas Lubna ta ɗauki na dama, ta juya hotunan kamar a madubi.

Alamomin Tsahara ce ta zaɓe su. Tafi a lanƙwashe zuwa baki, ruwa. Yatsa yana juyawa kusa da kunne, rediyo. Tafi a ƙirji, na gode. Kaɗa yatsa, a'a. Ɗaga babban yatsa ta ƙi shi, na ga alama tana ganin na 'yan ƙwallo ne.

Muryar kuwa tata ce. Shekaru da yawa tana gabatar da shirin mata ranar Alhamis a wata rediyo mai zaman kanta, ni kuma ina naɗa a gida. Kwali guda na kaset. Lubna ta bi su ɗaya bayan ɗaya ta yanko kalmomi. Ranar da inji ya fara cewa "sannunku" da muryar da ban ji ba tun azumi, na fita tsakar gida na daɗe ina duba tulun da babu abin da ya same shi.

Juma'a 11 ga Agusta, bayan masallaci

Lubna ta ce laifin haske ne, ɗakin ya yi duhu da babu wuta. Ta jawo gado kusa da taga. Hannun bai fito ba.

Ta ce to ko kamarar ce. Ta yi odar wata daga Kano, tana can, iyaka a rufe tun juyin mulki.

Lokotoro, wato likita, ya zo ya duba. Ya ce babu sabon ciwo, hannun lafiyarsa lau. Ya matse shi, ita ma ta matse nasa har ya yamutsa fuska.

Asabar 12 ga Agusta, da hantsi

Bari in rubuta ranar Lahadi, tunda ta ƙi barina.

Hajiya Safiyatu ta zo dubiya da mata uku daga Tsibiri, har da surukar Maman. Lubna ta kunna ordinatar don su gani. Tsahara ta gaishe su, ta yi musu bismillah ga fura, suna ta mamaki, ɗaya ta ce kamar ana Alhamis. Sai wata ta tambayi labarin yara. Tsahara ta kai hannu ta taɓa bayan kafaɗarta, inda kan jariri yake kwanciya in an goya shi. Alamar ɗanmu na fari ke nan, wanda yake kasuwancin magani a Katsina. Da can in ta yi haka inji ba ya cewa komai, mu ne muke ganewa.

Ranar nan ya ce, "Zakari."

Da muryarta, da ƙarfi, a gaban yayarta.

Tun da ta haife shi sunan nan bai taɓa fita daga bakinta ba. Ɗan fari ne. Yana ƙarami "yaron nan" take cewa, da ya girma ya zama "mutanen Katsina". A rediyo ma, in mai sauraro ya aiko da gaisuwa sunansa ke nan, sai ta tura wa abokiyar aikinta takardar ta ce, "Karanta mana wannan, idona ya gaji." Sunan ba ya cikin kaset ko ɗaya. Lubna ce ta yanko shi gaɓa-gaɓa daga wasu kalmomi ta liƙa.

Hajiya ta gyara lulluɓinta. Tsahara ta dubi bango, ta ja hannu a hankali ta sa cikin mayafi.

A ƙofa Hajiya ta ce mini, "Kun mai da ita abin kallo, Abdulmutallib." Ba ta ɗaga murya ba.

Lahadi 13 ga Agusta, da yamma

Shinkafa ta sake tashi. Ruwan sama kaɗan. Hannun yana ciki.

Litinin 14 ga Agusta, bayan azahar

Kowa yana maganar Yamai da wa'adi da sojoji. A majalisar ƙofar gida sun ce in faɗi ra'ayina tunda na ga irinsa ba sau ɗaya ba. Na ce su jira abin da aka tabbatar. Ba su ji daɗin amsar ba. Wani yaro ya nuna mini labari a salula, wayar hannunsa, na tambaye shi wa ya faɗa, ya ce kowa.

Na tuna shekarar Babban Taron Ƙasa. Gari duk kunne ya koma kan rediyo, tela ya tsayar da keke, mahauci ya ajiye wuƙa. A lokacin muka fara 'yar jaridarmu mai shafi huɗu, mu uku da keken rubutu ɗaya wanda harafin "e" ɗinsa ke maƙalewa. Tsahara tana goye da yaron tana naɗe mana jaridu a kan tabarma. Tana naɗewa tana karantawa tana gyara mini: wannan ba haka ake faɗa ba, wannan Faransanci ne ka sa wa riga. Daga baya da aka buɗe rediyoyi ta samu nata wurin.

Na taɓa zuwa na leƙa ta ta gilashin ɗakin watsa shiri. Ita kaɗai gaban makirfo, amma hannuwan nan biyu suna ta aiki, tana auna gishiri a iska, tana kore ƙuda daga miyar da babu ita. Na ce mata wa ke ganinki? Ta ce suna ji.

Talata 15 ga Agusta, da safe

Ban yi wa Lubna maganar ba. Hutun da ta ɗauka daga wurin aikinta a Yamai zai ƙare ƙarshen wata. Ita ke yi wa uwarta wanka, ita ke juya ta, in wuta ta zo ta zauna gaban ordinatar har ta sake tafiya. Ta rame.

In ta koma Yamai hannun yana cikin mayafi, ba ni da abin da zan ce wa Hajiya. Gaskiya ma za ta fi ni.

Laraba 16 ga Agusta, bayan magariba

Ɗanmu ya bugo daga Katsina. Ya ce akwai masu babura da ke tsallakawa ta daji, zai biyo su. Na ce kada ya kuskura.

Sai ya ce Lubna ta turo masa muryar tun kafin ranar Lahadi.

"Ka saurara?"

"Na saurara, Baba. Ba sau ɗaya ba."

"To?"

"Muryar Inna ce. Amma ba Inna ba ce. Ni da za a samo mini inda ta ce mutanen Katsina, shi nake so."

Na ce zan duba kwalin. Na san babu. A gida kaɗai take faɗin haka, hirar gida kuwa ban taɓa naɗa ba.

Alhamis 17 ga Agusta, da hantsi

Alhamis. Na kunna mata rediyo da hannuna. Ta rufe ido.

Asabar 19 ga Agusta, bayan isha

Batirin ordinatar ya mutu murus, wutar da ake kawowa ba ta isa cika shi. Na ɗauke shi a kabu-kabu zuwa Jiratawa wurin Sallau, wanda shi ne mai kai mana jarida maɗaba'a a da. Yanzu yana noman rani da damina a fadamar, yana da fano na hasken rana da yake tayar da famfo. Masara ta kai kafaɗa, zogale ya yi duhu, ruwa yana bin magudana ba ruwansa da Yamai.

"Shugaba," ya ce, "ka zo ɗaukar rahoto ko roƙon wuta?"

"Roƙo."

"Allah mai iko. Wanda ya hana ni kuɗin mota ya zo gonata da igiya a hannu."

Muka zauna ƙarƙashin mangwaro ordinatar yana sha. Ya tambayi Tsahara, na ba shi labari sama-sama, ban kai ga Lahadi ba. Muka koma tsohon zance. Ya tuna mini da mai maɗaba'ar nan mai gilashi ɗaure da zare, wanda ba ya tayar da inji sai ya fitar da gwaji ɗaya ya shimfiɗa a gabana, na karanta, na sa hannu a kusurwa. Bonatire, in ji shi. Ko gari zai waye, ko motar Zinder za ta tashi, ba sa hannu ba bugu.

"Ka tuna hirar shugaban manoman nan?" in ji Sallau. "Yaron aikinka ya gyara masa magana ta yi daɗi kamar waƙa. Ka ce a cire. Na ce ai abin da yake nufi ke nan. Ka ce mi?"

"Na ce bai faɗa ba."

"Ka sa na rasa mota. Na kwana tasha da sauro."

A hanyar dawowa ban ji ramukan kwalta ba. Tafinta namu ba shi da bonatire. Hannu na motsawa, shi yana bugawa.

Sallau ya ɗaura mini damin zogale a baya, ya ce na Tsahara ne, kada in ci.

Lahadi 20 ga Agusta, bayan azahar

Ni da Lubna mun yi maganar a zaure, don kada Tsahara ta ji.

Na ce ba haske ba ne, ba kamara ba ce, ta kuma sani.

Ta ce, "Baba, ɗanta ne. Ya haura talatin bai taɓa jin uwarsa ta kira sunansa ba. Ta kusa tafiya cikin azumi, kana wurin. Da ta tafi fa?"

"Da ta tafi ba ta faɗa ba."

"Kunyar mi? Wa ta amfana?"

"Ban ce ta amfani kowa ba. Tata ce."

"Ai tana son faɗa. Ni na san tana so."

Na ce mai yiwuwa. Na ce a aikina na sha sanin abin da mutum yake son faɗa, wani lokaci ma na fi shi iya faɗarsa, amma ranar da ka sa masa a baki, gobe ba zai sake buɗe bakin a gabanka ba. Na ce ciwo ya ƙwace mata magana, mu kuma mun ƙwace mata shiru. Wannan jimlar ta yi kyau da yawa, na ji kunyarta tun kafin in rufe baki.

Ta yi kuka kaɗan, cikin fushi, irin na uwarta, tana goge ido da bayan hannu. Sannan ta ce, "To mi kake so in yi?"

Na ba ta labarin mai gilashi da zare. Ta saurara tana kallon ƙasa. Can ta ce abu ne mai sauƙi, tunda komai ta tsakiyar yake bi. Sai a sa ya tsaya. In ya gane alama, ya nuna wa Inna hoton abin a allo, ita kaɗai, ba murya. In ta dunƙule hannu, ya saki. In ta kife tafi, ya share, babu wanda zai san mene ne.

"Zai rage sauri," ta ce.

Na ce ba mu da motar da za ta tashi.

Ta dube ni. Akwai ta Maman ranar Juma'a.

Litinin 21 ga Agusta, da yamma

Wuta ta zo da rana, Lubna ba ta ci abinci ba sai da ta tafi.

Talata 22 ga Agusta, da hantsi

Lubna ta gama. Ta durƙusa gaban gado ta ce, "Inna, na yi laifi. Ki yafe mini." Ta juyo da allon, ta nuna mata inda sunan yake, ba ta kunna shi ba, ta goge a gabanta. Ta yi mata bayanin dunƙulewa da kifewa sau biyu, da hannunta na hagu. Ta ce alamar kafaɗa yanzu ba ta zuwa wurin murya ko kaɗan, tarho kawai za ta buga.

Tsahara ta saurara har ƙarshe. Ta dubi Lubna, ta dube ni. Ta juya fuska bango.

Na dafa zogalen Sallau da ƙuli. Ta ci da yawa.

Laraba 23 ga Agusta, bayan la'asar

Ina zaune ina karanta tsohon littafi, Lubna tana wanki. Mun bar ordinatar a kunne kan kujera, haka nan. Na ji motsin mayafi ban ɗaga kai ba. Ta gefen ido nake gani.

Ta yi alamar ruwa. Hoton kofi ya fito. Inji ya yi shiru yana jira. Ta daɗe tana kallonsa, sannan ta kife tafi. Kofin ya ɓace. Ta sake yi, ta sake kifewa. Ta yi ta rediyo, ta kife. Gwada shi take, kamar sabuwar 'yar aiki da aka bar wa kuɗi a fili.

Sai ta kai hannu bayan kafaɗa. Hoton tarho ya fito. Ta dunƙule.

Ya yi ƙara uku, ya ɗauka. "Lubna?" Shiru. "Baba?" Sai ya sassauta murya. "Inna, ke ce?"

Ta sa tafi a ƙirji, ta dunƙule. Inji ya ce, "Na gode." Ba ita ce kalmar da ta dace ba, amma ita ke kusa. Ya yi ta ba ta labarin Katsina, tsadar mai, 'yarsa da ta fara haƙori. Lubna tana tsaye bakin ƙofa da kumfa har gwiwar hannu.

Alhamis 24 ga Agusta, da safe

Yanzu tana magana. Ta nemi ruwa, ta nemi a rufe taga, ta ce wa kununa a'a.

Ban tambaye ta zancen gobe ba.

Alhamis, bayan la'asar

Lubna ta ce, "Baba, ka tambaye ta mana, mu san inda muke." Na ce tambayar Hajiya ce, ita za ta yi.

Ba wannan ne dalilin ba. A Tsibiri aka haife ta. Can akwai mata cike da gida, masu juya ta ba tare da sun ji mata ciwo ba, masu tuwon da ta tashi da shi, ga yayarta da ta goye ta. Nan akwai ni da kwalin kaset. Duk makonnin nan ina fafutukar a bar ta ta faɗi abin da take so, ban tsaya na yi tunanin mene ne ba.

Na aika ordinatar Jiratawa ya cika. Ban tambaye ta ba.

Juma'a 25 ga Agusta, bayan magariba

Sun zo bayan masallaci, Maman da Hajiya. Ya ajiye motar daidai ƙofa, ya shimfiɗa katifa a baya tun daga gida.

"Mushe, na ji an ce rediyonku ta dawo aiki."

"Ta dawo. Yanzu da shugabar gyara."

Hajiya ba ta yi dariya ba. Ta zauna bakin gado, ta ɗora hannu a ƙafar ƙanwarta. Ta ce an share ɗakin Innarsu marigayiya, an kwashe buhunan gero da ke ciki an kai zaure, an yi sabon daɓe. Ta ce ba don Abdulmutallib ya gaza ba, ya yi iyakar yinsa, amma ɗiya za ta koma aiki, namiji kuwa namiji ne. Duk gaskiya ta faɗa. Sannan ta ce, "Tsahara, za ki biyo ni?"

Lubna ta juya allon yadda uwarta kaɗai za ta gani, ta koma bakin ƙofa. Ni ina kujera ta gefen hagu.

Hannun ya daɗe a cikin mayafi. Maman ya fara wasa da makullin mota, Hajiya ta dube shi ya daina.

Hannun ya fito. Ta yi alama ɗaya. Inji ya yi shiru. Ta kalli allon, ta kalli yayarta, ta daɗe. Ta kalli taga. Sai ta kife tafi.

Na ga hannun daga inda nake, na kuma san alamomin duka. Ba zan rubuta abin da na gani ba. Ba ta sake shi ba.

Ta kaɗa yatsa, ta dunƙule. "A'a." Ta sa tafi a ƙirji, ta dunƙule. "Na gode." Wannan na-goden daga ƙarshen wani shiri Lubna ta yanko shi, akwai fara'a a ciki, har da ɗan saurar kiɗa a bayansa. Fuskarta kuwa ba fara'a. Ta miƙa hannun ta kama na Hajiya ta riƙe.

Hajiya ta ce, "Injin ne ya faɗi ko ita?"

Lubna ta buɗe baki, na girgiza mata kai.

Maman ya ce, "Yaya, kin ga dai sai da ta dunƙule. In Tsahara ta dunƙule hannu ai kin san ta. Ni har yau ga tabon."

Hajiya ta zauna har la'asar tana matsa mata ƙafa, suna kallon juna. Ta yi salla a ɗakin. Da za ta tafi ta ce mini kunu ba a zuba gari cikin tafasasshen ruwa kai tsaye, a fara dama shi da na sanyi. Ta ce maganar kuma za ta kwana da ita, za mu ji.

Motar ta tafi da katifarta.

Asabar 26 ga Agusta, da hantsi

Ba mu ji ba. Tarhon Maman a kashe, wataƙila su ma babu wuta.

Lubna tana koya mini yadda ake ƙara sabuwar alama in ta tafi: a ɗauki hannun sau da yawa, a ba shi hoto, a zaɓi inda za a kai shi. Na rubuta matakan a bayan kalanda. Ta ce rubutuna kamar na lokotoro. Tsahara ta ƙirƙiro wata alama da kanta, yatsu biyu suna tafiya a kan zane, ba mu gane ba tukuna. Lubna ta ce yawo. Ni na ce tana nufin mu fita mu ba ta wuri.

Na dama kunu da ruwan sanyi. Ba ta ce a'a ba, ba ta ce na gode ba.

Lahadi 27 ga Agusta, bayan la'asar

Lubna ta sayi tikitin motar Laraba.

Mai kabu-kabun da ke kawo wa Zuliha wake daga Tsibiri ya tsaya ƙofar gida ya sha ruwa. Ya ce jiya da yamma ya wuce gidan su Hajiya, ya ga yara suna ɗaukar buhunan gero daga zaure suna mayarwa ɗakin da aka share.

Majiya ɗaya ce. Na sake gwada Maman, har yanzu a kashe.